Karen Masunta da Ya Ƙi Zaman Banza

A gabashin Kanada akwai wani tsibiri da ake kira Newfoundland, ƙasar duwatsu da hazo, wadda ruwan tekunta ko a lokacin zafinsu sanyinsa har ƙashi yake shiga. Tun ƙarni na 16 masunta daga Ingila da Ayalan da Fotugal da Faransa suka riƙa tururuwa can saboda wani kifi mai suna kod, wanda ake farkewa, a cika da gishiri, a shanya, a loda wa jirgi a kai Turai. Aikin talakawa ne. Mutum biyu cikin ɗan kwale-kwale, tafin hannu duk ya tsattsage don gishiri da sanyi, suna jan igiyar ƙugiyoyi ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa kifi zai zo har bakin jirgi sannan ya suɓuce, kuma ba mai hankalin da zai bi shi cikin wannan ruwa. Sai na ukunsu ya tsunduma: wani baƙin kare matsakaici, mai farin tabo a ƙirji. Ya cafko kifin, ya juyo, ya miƙa. An jima bakin igiya ya kuɓuce, ya bi ya kamo. Da yamma kuma ya kama igiyar taru da haƙora, ya taya ja zuwa gaci.

Wannan kare, da ake kira karen ruwan St. John's da sunan babban garin tsibirin, shi ne kakan Labrador, wanda ya shekara 31 a jere, daga 1991 zuwa 2021, yana kan gaba a rajistar karnukan Amurka, wanda kuma yau ake ganinsa a filayen jirgin sama yana shinshina jakunkuna. Labarinsa na kawo muku, ku da kuke fita tun da duku-duku neman na tuwo.

Na san ran wani ya fara ɓaci. A wurinmu in aka haɗa mutum da kare an zage shi, ni kuwa ban zo zagin kowa ba. Amma mu ɗin nan muna da 'yan farauta da ba sa shiga daji sai da karnukansu, muna da makiyayan da kare ke kwana yana tsare musu garke. Shari'a ta yarda a ajiye kare don farauta da kiwo da gadin gona, Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kamo wa mai shi, a mazhabar Malikiyya da muke bi kuwa jikin kare mai rai ba najasa ba ne. To, a saki rai. Balle ma rabin labarin na mutanen da suka samar da karen ne.

Dubi jikinsa, za ka ga aiki ne ya ƙera shi. Gashinsa hawa biyu ne: na ƙasa mai laushi da kauri yana riƙe ɗumi, na sama gajere mai maiƙo, ruwa na gangarewa a kansa kamar a bayan agwagwa. Kare mai dogon gashi in ya fito daga wancan teku ƙanƙara ce za ta daskare a jikinsa ta yi masa nauyi, shi ya sa masunta suka fi son mai gajere. Wutsiyarsa kakkaura ce daga tushe, da ita yake juya kansa cikin ruwa. Tsakanin yatsunsa akwai fata da ke taimaka masa wajen iyo. Namijin yakan kai kilo 29 zuwa 36, ƙarfinsa ya isa jan igiya, nauyinsa kuma bai kai ya kifar da kwale-kwale ba in ana jawo shi ciki.

Wa ya tsara wannan? Ba likitan dabbobi, ba jami'a. Mutanen da yawancinsu ko sunansu ba su iya rubutawa ba ne suka yi ta lura, shekara da shekaru: wannan ya iya iyo, a bar shi ya hayayyafa; wancan yana tauna kifi, ba shi da amfani; wannan yana dawowa da kira ɗaya, a nemi ɗansa. Talaka ba shi da rarar abincin da zai ciyar da karen ado. Da wannan lura ta yau da gobe suka fitar da irin da duniya take tinƙaho da shi yanzu. Kai da kake ganin sanin da ke hannunka ba ilimi ba ne don ba a ba ka takardar shaida a kansa ba, ka sake tunani. Makanikin da ke gane ciwon inji da kunne, matar da ke gane dahuwar daddawa da hanci, manomin da ke ware irin da zai ajiye tun gero na tsaye a gona, duk irin ilimin masuntan nan ne gare su.

A farkon ƙarni na 19 jiragen kifi da ke sauka a tashar Poole ta kudancin Ingila suka riƙa zuwa da karnukan. Wani basarake mai sarautar Malmesbury ya gan su, ya gane cewa karen da ke ɗauko kifi zai ɗauko agwagwar ruwa in an harbo ta, ya saya ya fara kiwo. A Sikotlan ma gidan sarautar Buccleuch suka fara nasu a shekarun 1830. Cikin shekarun 1880 magajin gidan Malmesbury ya ba gidan Buccleuch kyautar wasu karnuka, cikinsu akwai Ned da Avon, waɗanda ake danganta Labrador na yau gare su. Ƙungiyar rajistar karnuka ta Ingila ta amince da irin a 1903, ta Amurka a 1917. Sunan sarakunan yana rubuce, sunan karnukansu yana rubuce, har mai launin ruwan ɗorawa na farko da aka yi wa rajista, Ben, an san an haife shi a 1899. Masuntan fa? Ko ɗaya ba a ambata. Hatta sunan tsibirinsu bai samu shiga ba, aka laƙaba wa karen sunan Labrador, wani yanki na maƙwabta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba zan ce muku wannan daidai ba ne, zalunci ne, kuma kun san irinsa. Wane birkila ne aka rubuta sunansa a allon buɗe gini? Amma ga abin da ban yarda a manta ba: sarakunan sun gyara, ba su ƙirƙira ba. Da masuntan sun yi aikin ganin dama, da babu abin da za a ɗauka.

A can gida kuwa karen ƙarewa ya yi. A ƙarshen ƙarni na 19 hukumar tsibirin ta ɗora wa karnuka haraji mai nauyi don a bunƙasa kiwon tumaki, harajin mace ya fi na namiji, sai mutane suka daina barin 'ya'ya mata. Ingila kuma ta kafa dokar killace duk karen da aka shigo da shi saboda ciwon haukan kare, cinikin ya mutu. Biyu na ƙarshe da aka sani, an same su a wani ƙauyen bakin teku mai suna Grand Bruit, dukansu maza, dukansu tsofaffi, kuma kafin shekarun 1980 su wuce irin ya shuɗe. Sana'ar ma ba ta daɗe a bayansa ba. A watan Yuli na 1992 gwamnatin Kanada ta hana kamun kod saboda manyan jirage sun kwashe teku, mutum wajen 30,000 suka wayi gari ba aiki. Duk wanda ya ga yadda masaƙun Kaduna da Kano suka rufe ƙofa, ko ya ga mai gyaran rediyo da mai buga tafireta suna zaune suna kallon hanya, ba sai an yi masa bayanin wannan rana ba.

Taru ya tafi, kwale-kwale ya tafi, kifin ma ya tafi. Amma jikokin karen nan yau aiki ya yi musu yawa. Me ya bi su daga wancan teku?

Abu na farko bakinsa ne. Labrador yana da haƙoran da za su fasa ƙashi, amma in aka aike shi ɗauko tsuntsu, zai kawo shi ba tare da ya huda fatar ba. Wanda aka hore da kyau yakan ɗauki ɗanyen ƙwai ya kawo bai fasa ba. Ka tuna kuma kare ne mai tsananin kwaɗayi, abinci ne a bakinsa, yana jin ɗuminsa da ƙanshinsa, ba mai ganinsa cikin ciyawa, amma ya taho da shi ya sa a hannun mai shi. Malamanmu da yawa ma sun lissafa rashin cin abin da ya kama cikin alamomin horarren kare. Wannan hali shi ne jarinsa. Karnuka da yawa sun fi shi gudu, wasu sun fi shi ƙarfi, amma shi aka ɗauka, don ana iya ba shi kaya a juya baya.

Yanzu kai, maigida tela, da aka kawo maka shadda yadi goma, ɗinkin ya ci takwas. Kai makaniki da aka bar maka mota da sabon batir a ciki. Ke mai aikin gida da uwargida ta bar ki da makullin sito. Kai direba da aka ba ka kuɗin mai, kai yaron shago da maigida ya tafi Umra ya bar ka da lissafi. Kowannenku tsuntsun wani ne a bakinsa, kuma na san yunwa gaskiya ce, kuɗin makaranta gaskiya ne, mudun masara ba ya jin roƙo. Amma wannan yadi biyun da ka naɗe ka mayar, shi ne zai kawo maka ɗinkin biki na gidan gaba ɗaya. A kasuwar da kowa ke kukan an cuce shi, mai amana ba ya buƙatar allon talla, mutane ne za su riƙa nuna shagonsa da yatsa. Injin da ka iya yau yana iya zama tsohon yayi nan da shekara biyar, amma mutumin da aka san ba ya taɓa kayan mutane, duk sana'ar da ya koma da masu cinikinsa zai koma. Kada wanda ya yi kuɗi da ha'inci ya sa ka ji kai ne wawa. Ka bar shi, ka ga inda zai kwana.

Daga farauta karen ya shiga wani aikin da masuntan ba su taɓa mafarkinsa ba: jagorancin makafi. An buɗe makarantar farko ta wannan aiki a Oldenburg ta Jamus a 1916, saboda sojojin da suka makance a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Amurka ta bi baya a 1929, Birtaniya a 1931. Da karnukan makiyayan Jamus aka fara, amma sannu a hankali Labrador da dangoginsa suka karɓe yawancin aikin, don ba su da faɗa, ba su da firgita, kuma suna son mutane. Mu da muka saba ganin ɗan jagora, yaro ƙarami riƙe da bakin sanda maimakon ya kasance a aji, mun san nauyin aikin.

Ranar 11 ga Satumba 2001, wani makaho mai suna Michael Hingson yana ofishinsa a hawa na 78 na ɗaya daga tagwayen benayen New York, karyarsa Roselle tana barci a ƙarƙashin tebur, jirgi ya daki benen a samansu. Ta tashi, ya kama linzaminta, suka nufi matakala. Hayaƙi, warin man jirgi, mutane cunkus, 'yan kwana-kwana suna hawa su suna sauka: matakala 1,463, wajen sa'a guda. Sun fito ba da jimawa ba ɗayan benen ya rufto, ta ja shi cikin ƙura har bakin tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa. A wannan bene wani Labrador ɗin mai suna Salty ya sauko da nasa maigidan daga hawa na 71. An ba karnukan biyu lambar yabo a 2002. Amma ka lura, ba wani sabon abu Roselle ta yi ran nan ba. Tsayawa a bakin matakala, jiran umarni, rashin kula hayaniya, abin da take yi kullum ne a hanyar ofis. Ranar da ake neman gwani ba a yin gwani, wanda aka riga aka yi a ranakun da ba mai kallo shi ke fitowa. Nas ɗin da ke duba ɗigon ruwa da ƙarfe uku na dare, maigadin da ke zagaye alhali kowa ya yi barci, ku ji wannan da kyau.

Sai dai akwai darasin da ya fi wannan, kuma shi ne mafi wuyar koyarwa. Kare ba ya karanta fitilar hanya. Makahon ne ke sauraron motoci, in ya ji hanya ta yi sarari ya ce a tafi. To in ya yi kuskure fa, ga mota tafe bai ji ba? Ana koya wa karen ya ƙi. Ya kafe, ko ma ya ja da baya, duk da umarnin maigida, duk da an yi wata da watanni ana koya masa biyayya. Masu horarwa da mota ta gaske suke gwada shi, ɗayansu ya tuƙo ta ya yanko gabansu. Karen da bai iya ƙin umarni ba, ba a damƙa masa ran mutum.

Wannan ya rushe tunanin cewa ma'aikacin kirki shi ne mai cewa "to, ranka ya daɗe" ga komai. Ɗan kwangila ya ce ka rage siminti, ka sa ƙaramin rodi a dakali na sama. Mai mota ya ce birkin zai kai ku, a ƙara fasinja huɗu. Oga ya turo takarda ya ce sa hannu kawai, kaya na hanya. Mai kemis ya ce a goge kwanan watan da ke jikin kwalba. Kai ne kake ganin motar da ke tafe, shi bai gani ba, ko ya gani ya kau da kai. Ka kafe. Ba sai da zagi ba, ba sai da ɗaga murya ba: "Alhaji, wannan kam ba zan yi ba, ga dalili." Ana iya korarka, ban ɓoye maka ba. Amma gara ka nemi wani aikin da ƙafarka da a zo ana tono mutane daga ginin da hannunka ya ɗora.

Hancin Labrador ma ya samu aiki. Zanjeer na 'yan sandan Mumbai ya gano bama-bamai da makamai bayan hare-haren 1993, da ya mutu a 2000 aka binne shi da girmamawar hukuma. Frida ta sojan ruwan Mekziko, da tabarau da takalmanta, ta shiga ɓaraguzan girgizar ƙasar 2017. Wanda ya fi kusa da mu kuwa, a Gambiya aka ba 'yan makaranta safa suka kwana da ita, aka daskarar da safar aka kai Ingila. A sakamakon da masu bincike na jami'ar Durham suka bayyana a 2018, karnuka biyu, Labrador da wata ruwa-biyunsa, sun gane kusan kashi 70 cikin 100 na yaran da ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro alhali ba su nuna alamar ciwo ba. Daga warin kifi zuwa warin maleriya! Karen bana shi ke maganin zomon bana, kuma wannan bai taɓa cewa shi dai kifi ya gada ba. Mai gyaran janareta da ya ga sola ta shigo gari, mai gyaran rediyo da ya ga waya ta cika hannun mutane, shekara arba'in ko hamsin ba su hana zama gaban yaro a koyi sabon abu.

Yanzu bari in juya ga masu ba da aiki, don kada su karanta wannan su ce ga shi an ce a yi musu bauta. Labrador ba ya aikin kyauta. A 2016 masu bincike a jami'ar Cambridge suka gano cewa kusan ɗaya cikin huɗu na irin suna da wani canji a ƙwayar halitta da ke hana su jin ƙoshi sosai, a cikin waɗanda suka gwada masu aikin taimakon naƙasassu kuwa kusan uku cikin huɗu ne. Wato son lada na cikin abin da ke sa shi saurin koyo. Duk mai horar da kare ya san ƙa'idar: in ya yi daidai, a ba shi a take, loma ko ƙwallon wasansa. In ka jinkirta, darasin ya ɓace. In ka sa duka, ka samu kare mai tsoro, mai tsoro kuwa ba ya iya ƙin umarnin da zai kashe ka. Ba mai horarwar da ya taɓa ce wa kare ya yi haƙuri sai ƙarshen wata mai zuwa. Mu kuma da muka tashi muna jin wa'azin a biya lebura tun guminsa bai bushe ba, mu ne ke riƙe albashin wata uku, sannan mu yi mamakin an daina zuwa da wuri. Karen jagora in ya kai shekara tara ko goma ana sauke masa linzami, a sama masa gida, a ci gaba da ciyar da shi da kai shi asibiti har ya mutu. Ka kwatanta da dattijon da ya yi shekara 35 yana koyarwa, yana tsaye a layin tantance 'yan fansho cikin rana. Saboda haka, ɗan'uwa, neman haƙƙinka ba rashin kunya ba ne. Ka yi ciniki kafin ka fara, ka sa a rubuta, ka shiga ƙungiyar sana'arku, ka biya kuɗin wata, ka je taro.

Akwai kuma waɗanda ba a cika ba da labarinsu ba. Ba duk ɗan kwikwiyon da aka haifa don jagora ne ke kammalawa ba. Bayan ya yi shekara guda ko fiye a gidan masu raino, ya shiga makaranta, da yawa ana sallamarsu. Wani laifinsa hancinsa ba ya barin ƙasa, kome ya wuce sai ya shinshina. Wani rawar kai ta yi masa yawa, ba ya iya kwanciya shiru ƙarƙashin tebur. Ga makaho waɗannan aibi ne babba. Amma makarantun ba sa zubar da su. Masu neman karnukan gano ƙwaya da bam da masu aikin ceto irin wannan suke so, mai naci, mai hancin da ba ya hutawa. Abin da ya sa aka kore shi a can, shi ne ya sa aka ɗauke shi a nan.

In an sallame ka a watan jiya, ko ka faɗi jarrabawar ɗaukar aiki karo na uku, ko maigidanka ya ce ba ka da kan wannan sana'a, kada ka shige ɗaki ka ja bargo. Yaron da aka kora daga shagon ɗinki don ba ya iya zama wuri ɗaya, wataƙila dillali ne. Yarinyar da aka ce surutu ya yi mata yawa a kanti, akwai mai neman wadda za ta tallata masa kaya. Ka zauna da wanda ya san ka, wanda ba ya jin nauyin faɗa maka gaskiya, ka tambaye shi me ya ga kana yi ba tare da an sa ka ba. Sannan gobe bayan sallar asuba ka wanke rigarka, ka ɗauki akwatin kayan aikinka, ka je gareji na gaba ka yi sallama.